Ƙodar Ɗan Dako

A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina kan kai digiri 40, ɗan dako a Babbar Kasuwa zai yini yana sauke buhuna, gumi na tsiyaya, fitsarinsa ya ragu ya yi ja. Abin da ɗalibin likitanci ke haddacewa a aji, shi ne ke gudana a jikin wannan bawan Allah. Da ruwan jiki ya yi ƙasa, sai ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin homon da ake kira ADH, ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa. Ita ma ƙodar ta saki nata, renin, don kada ƙarfin jini ya faɗi.

Ke nan aikin ƙoda ya wuce yin fitsari. Matata wajen miliyan ɗaya ke cikin kowace ƙoda, kuma su biyun suna tace ruwa kimanin lita 180 a kullum, su mayar da kusan duka cikin jini, lita ɗaya da rabi kawai ke fita. Su ne kuma ke aika wa ɓargo saƙon ƙera jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda kan yi fari fat.

Da yamma ɗan dakon nan zai tsaya kemis a haɗa masa maganin gajiya. In akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, sun rage jinin da ke shiga ƙodar da ƙishi ya riga ya galabaitar. Sau ɗaya wataƙila ba komai. Shekara da shekaru fa? Haka wasu mayukan bilicin: masu sinadarin makuri na lalata matatar, masu siteroyid kuma na iya jawo hawan jini da ciwon suga, manyan cututtuka biyu da suka fi kashe ƙoda a duniya.

Muguntar ciwon ƙoda ita ce ba ya sallama. Kafin ƙafa da fuska su kumbura, sau da yawa ɓarna ta yi nisa, magana ta koma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ko dashe, irin wanda Asibitin Malam Aminu Kano ya fara a 2002. Ɗan kasuwa nawa ne jarinsa zai ɗauki wannan? Alhali awon jini da suga da fitsari, da gwajin kiriyatinin, na nuna matsalar tun mutum yana jin garau, kuma ana yin su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina.