Facebook da Makin Ɗalibai: Me Alƙaluman Suka Nuna?

A shekarar 2009, Aryn Karpinski, mai bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, ta yi wa ɗalibai 219 tambayoyi kan karatunsu. Masu amfani da Facebook sun ce matsakaicin makinsu yana tsakanin 3.0 da 3.5, marasa amfani da shi kuma tsakanin 3.5 da 4.0. Jaridu suka yi ta yayata cewa Facebook na kayar da ɗalibai, alhali ita da kanta ta ja kunne cewa bincikenta bai tabbatar da haka ba.

Abin da ta gano shi ne dangantaka, wato abubuwa biyu suna tafiya tare: in ɗaya ya hau, ɗayan ya hau ko ya sauka. Masana ƙididdiga kan auna ƙarfinta da lamba daga -1 zuwa +1, hanyar da Karl Pearson na Ingila ya daidaita a ƙarshen ƙarni na 19. Lambar tana faɗin yadda tafiyar ta yi daidai, amma ba ta faɗin wane ne ke jan wani.

A nan ne ake yin tuntuɓe. Mai yiwuwa Facebook ne ke cinye lokacin karatu. Mai yiwuwa kuma ɗalibin da darasi ya riga ya gagara ne ke komawa can don rage damuwa, ka ga ke nan faɗuwar ce ta riga. Ko kuma wani abu na uku ne ke haifar da duka biyun, kamar halin jinkirta aiki. Mai irin wannan hali, ko an rufe masa Facebook, hira ko kallo zai nema. Ga shi kuma ɗaliban ne suka faɗi makinsu da bakinsu, mutum kuwa yakan manta, yakan ƙara gishiri.

A cikin shekarar 2009 ɗin, wasu masu bincike uku, har da Eszter Hargittai, suka sake duba batun da ɗalibai masu yawa, suka yi la'akari da abubuwa kamar jinsi da ilimin iyaye. Ba su ga cewa masu Facebook sun fi faɗuwa ba.

A ganina, binciken farko yana da amfani domin ya nuna inda ya kamata a tona. Tabbatar da sanadi kuwa sai an raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a hana rukuni ɗaya Facebook tsawon zangon karatu, sannan a kwatanta makinsu.