Narka dalma a gida: gaskiya da ƙarya a zancen da ke yawo

A ƙasar Daura, daga Baure da Zango har Sandamu da Mai'aduwa, farauta da ƙira sana'o'i ne na gado. Wasu mafarauta kan fasa tsohon batirin mota su ciro dalma, su narka ta a kan gawayi a tsakar gida don zubin harsashin bindigar gargajiya. Ana faɗin maganganu da dama game da wannan aiki, kuma wasunsu na iya jawo asarar rai. Bari mu tantance su.

"Sai an haɗiyi dalma take cutarwa." Ƙarya ne. Dalma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 328 ba, wutar gawayi kuwa tana zarce haka nesa ba kusa ba. Hayaƙin dalmar yana shiga huhu, ƙurarta tana sauka a ƙasa da tabarma da kwanon abinci. Yaron da ke rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki ya riga ya sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa.

"Abin da ya faru a Zamfara na masu haƙar zinari ne kawai." Rabin gaskiya ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Tabbas daga dutsen zinari gubar ta fito. Amma abin da ya kai ta jikin yara shi ne daka dutsen da niƙa shi da ake yi a cikin gidaje. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalmar batir da ta dutse duk guba ɗaya ce.

"Shan madara ko nono yana wanke gubar." Ƙarya ne. Abinci mai gina jiki yana rage yawan dalmar da hanji ke tsotsa, amma ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga. Takan taru a ƙashi shekara da shekaru, kuma idan mace ta sami ciki tana iya kaiwa ga jariri. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna yawanta, likita ne kuma ke ba da maganin fitar da ita. Lahanin da ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa.

"Ɗigon ruwa yana sa narkakkiyar dalma ta fallatsu." Gaskiya ne. Ruwan da ya shige ƙarƙashinta yana zama tururi nan take, ya watsa ta a fuska da ido.

"Naman da aka harba da dalma ba shi da matsala in an cire harsashin." Ba haka ba ne. Ɓurɓushin da ido ba ya gani yakan saura a kewayen raunin, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Kada a ba yara da masu ciki wannan sashe.

"Doka ba ta shafi bindigar gargajiya ba." Ƙarya ne. Dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi ko ga bindigar ɗuri, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba.

Muna kira ga hakimai da dagatai da shugabannin maƙera da mafarauta na masarautar Daura su faɗakar da jama'arsu. Duk gidan da aka taɓa narka dalma, in yaro yana yawan ciwon ciki, ko kasala, ko jijjiga, a gaggauta kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita aikin da ake yi a gidan.