Sulaiman (suna)

Sulaiman (da Larabci: سليمان) sunan yanka ne na maza da Hausawa suka karɓa daga Larabci ta hanyar addinin Musulunci. A ƙasar Hausa ana kuma cewa Sulaimanu, a taƙaice kuwa Sule.

Ma'ana da asali

Sunan ya fito ne daga tushen baƙaƙe uku na s-l-m, wanda a harsunan Larabci da Ibrananci yake ɗauke da ma'anar aminci da zaman lafiya. Daga wannan tushe ne aka samu salam, Salim da Salman. A Ibrananci ana kiran sunan Shlomo. Wasu malaman nahawu suna ganin Sulaiman a matsayin sigar ƙanƙantawa ta Salman, wasu kuma sun ɗauke shi baƙon suna ne da Larabci ya ara ya daidaita da ƙirarsa.

Sanadin yaɗuwarsa shi ne Annabi Sulaiman ɗan Annabi Dawuda (AS), wanda aka ambaci sunansa sau 17 a Alƙur'ani. Ƙissarsa da tururuwa, alhudahuda da sarauniyar Saba'a tana cikin Suratun Namli.

A bakin Hausawa

Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa Sulaiman ya koma Sulaimanu, kamar yadda Usman ya koma Usmanu. Daga nan aka datse shi ya zama Sule. A ƙauyukan Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu, yaro na iya girma ba a taɓa kiransa da cikakken sunan ba sai a rajistar makaranta. Matasan yanzu sun fi son cikakkiyar sigar, wasunsu ma na ganin Sule sunan dattawa ne. Kada a haɗa shi da sule na kuɗi, wanda aro ne daga sunan tsohon kuɗin Ingila, ba shi da alaƙa da wannan suna.

A Turkiyya ana rubuta shi Süleyman, a Nijar da Senegal kuma Souleymane, bisa ƙa'idar rubutun Faransanci.

Fitattun masu sunan

Sarkin Kano na farko bayan jihadi shi ne Sulaimanu, wanda ya yi mulki daga 1807 zuwa 1819, lokacin Dutse tana ƙarƙashin Kano. A Jigawa, wanda ya fi shahara da gajeriyar sigar shi ne Sule Lamido, haifaffen Bamaina a ƙaramar hukumar Birnin Kudu a 1948. Ya riƙe ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, sannan gwamnan jihar daga 2007 zuwa 2015. Jami'ar jihar da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, sunansa take ɗauke da shi. A wajen Afirka akwai Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman na Ɗaya, da ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566.