Dabba mai bakin agwagwa da aka tono a hamadar Nijar

'Yan'uwa, yaranmu suna dawowa daga makaranta da tambaya a kan dainoso, iyaye da dama kuma sukan ce musu ai tatsuniyar fim ce. Wannan amsa ba ta taimakon yaro, domin ƙasusuwan waɗannan dabbobi suna nan, wasu ma a maƙwabciyarmu Nijar aka tono su.

A shekarar 1965 wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya iske ƙasusuwa a Gadufawa, cikin hamadar Tenere a yankin Agadas. A 1976 ya raɗa wa dabbar suna Ouranosaurus nigeriensis. Kalmar ta biyu tana nufin Nijar ne, ba Najeriya ba.

Tsawon dabbar ya kai mita 7 ko fiye. Bakinta dogo ne mai faɗi kamar na agwagwa, babu haƙori a gaba. Da shi take tsinko ganye, haƙoran da ke jere a ciki su niƙa. Daga siffar haƙoran aka gane cewa ba ta cin nama. A gadon bayanta akwai dogayen ƙasusuwa a tsaye, wasu sun haura rabin mita. Wasu masana sun ce fata ce ta rufe su don daidaita zafin jiki, wasu sun ce tozo ne irin na raƙumi. 'Yar'uwa ce ta kusa ga manyan dainoso masu bakin agwagwa da aka tono a Amurka da Kanada.

Yaya ƙashi yake daɗewa haka? Idan laka ko yashin kogi ya binne gawa da wuri, naman yakan ruɓe, ruwa kuma ya riƙa shigar da ma'adinai cikin ƙashin har ya taurare kamar dutse. Daga baya iska ta share yashin, ƙashin ya fito fili. A wurin an sami ƙasusuwan kifaye da na wani ƙaton kada, alamar cewa inda yake hamada yau dā bakin koguna ne.

Masana sun ƙiyasta shekarun dabbar da kusan miliyan 110. Masu bi sun bambanta a kan yadda za a fahimci kwanakin halitta na Littafin Farawa, amma babu ɓangaren da yake bukatar musun ƙashin da ido yake gani. An ajiye ƙwarangwal ɗin farko a gidan tarihi na ƙasa a Yamai, na biyu kuma a Benis ta Italiya. Idan yaro ya yi tambaya, a fara da gaya masa wannan.