Windows 11: Yadda za a gane ko tsohuwar kwamfuta za ta ɗauka, da abin da masu sayen gwanjo ya kamata su duba

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba za ta mutu ba. Za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki kamar jiya. Bambancin shi ne, duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga yanzu, babu mai toshe ta. An ga illar irin wannan a 2017, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bi ta kwamfutocin da ba a sabunta ba, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya.

Lamarin ya fi shafar ƙasashe irin Najeriya, inda ɗalibai da 'yan jarida da masu shagunan buga takardu suka dogara da kwamfutocin gwanjo daga Turai da Amurka. Kwamfutar da wani kamfani a can ya ajiye saboda ba ta ɗaukar Windows 11, ba mamaki a gan ta a kan kanta a Computer Village da ke Ikeja ko a kasuwannin Kano.

Yawancin sharuɗɗan Windows 11 ba su da tsauri: RAM mai girman 4GB, ma'adana mai 64GB, da firosesa mai 64-bit. Kusan duk kwamfutar da aka ƙera cikin shekaru goma da suka wuce ta cika su. Inda gizo ke saƙar wuri biyu ne.

Na farko shi ne shekarun firosesar. In ban da 'yan tsiraru, Microsoft na amincewa ne da Intel daga zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, sai AMD Ryzen daga jerin 2000. A nan ne masu saye suka fi ruɗuwa, domin a kasuwa "Core i5" ko "Core i7" kawai ake ambatawa, alhali wannan suna bai faɗi shekarun na'urar ba. Lambar da ke biye da shi ce ke faɗa. A i5-6300U, lambar farko 6 ce, wato zubi na shida, bai cancanta ba. A i5-8250U kuwa 8 ce, ya tsallake. Daga zubi na goma ana karanta lambobi biyu na farko, kamar 11 a i5-1135G7. Saboda haka i3 na zubi na takwas zai samu shiga, a bar i7 na zubi na shida a waje, duk da cewa mai shago zai fi tsawwala kuɗin na biyun. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika kasuwanni, zubi na shida ce. Domin ganin lambar, sai a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta msinfo32.

Na biyu shi ne TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke ɓoye makullan sirri na kwamfutar. A wannan akwatin dai, idan aka rubuta tpm.msc, za a ga ko akwai shi da kuma lambar zubinsa. Kada a yi saurin yanke ƙauna idan saƙon ya ce ba a same shi ba. A kwamfutoci da yawa yana nan, a kashe kawai yake, kuma ana kunna shi a cikin BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. A can ne kuma ake duba Secure Boot, wanda ke buƙatar tsarin UEFI. Wanda ba ya son wannan zirga-zirgar zai iya sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, kyauta ne, kuma zai faɗi takamaiman sharaɗin da aka gaza cikawa.

Akwai tarkon da ya kamata a sani. Ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce cewa ta cancanta. Da manhaja irin Rufus, mai gyara zai iya tsallake binciken ya ɗora ta a kan na'urar 2015. Za ta yi aiki, amma Microsoft ya bayyana cewa bai yi alƙawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan sabuntawa ba. Wanda ya san haka ya zaɓa da kansa, ruwansa ne. Wanda aka sayar wa da ita a matsayin "mai Windows 11" ba tare da bayani ba kuwa, an yi masa rufa-rufa.

Idan kwamfutar ta faɗi jarrabawar, ba dole ba ne a jefar da ita. Microsoft ya buɗe shirin ESU mai ba da gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya yarda ya adana saitin kwamfutarsa ta asusun Microsoft, muddin tana kan zubin 22H2. Jinkiri ne na shekara guda kawai. Mafita mai ɗorewa ita ce komawa Linux Mint ko Ubuntu, ko ChromeOS Flex ga mai yawan aiki a intanet, sai dai mai cin abinci da CorelDRAW ko Photoshop zai sha wahala, domin ba a yi su don waɗannan ba.

Microsoft ya ce tsaro ne dalilin sharuɗɗan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi, kuma Afirka ta Yamma ta daɗe tana cikin wuraren da irin wannan kaya ke ƙarewa. A Najeriya, hukumar NESREA ce ke da alhakin sa ido kan shigo da tsofaffin kayan lantarki.