Kayan Wasan Kirsimeti Daga Gwanjo

Da zarar Disamba ta ƙarato, ɗalibai kan ce ba za a yi wasan kwaikwayo ba domin babu kuɗin kaya. To, ga yadda ake haɗa su da araha.

Sulken sojan Roma: a tara murafun kwalaben lemo, a daddaƙe su da guduma su baje, a huda kowanne da ƙusa. Sai a ɗinka su jere-jere a kan tsohuwar singileti, na sama yana ɗan rufe na ƙasa. Daga nesa sai ka ce sulken mahayan hawan Salla a Katsina. Ƙaramar ƙwarya da aka shafa wa fenti ita ce kwalkwali, tsohon tif na keke kuwa ɗamara.

Kambin Sarki Hirudus: kwali ne, a manna masa takarda mai ƙyalli da ƙaro. Alkyabbar masanan taurari kuma tsohon labule ne daga 'yan gwanjo na kasuwar Jibiya.

Sai dai a kiyaye abu biyu. A wanke gwanjo da ruwan zafi kafin a sa. A kuma goge kaifin kowane murfi a kan dutse, a zubar da mai tsatsa, kada ya yanki yaro.