Haye Kududdufi a Shekara Sha Uku

A nan Karare ba mu saba yanka kek ranar zagayowar haihuwa ba. Wasunmu ma sai dai a ce, "da damina aka haife ka." Amma mu 'yan aji biyu da muka cika shekara 13 bana mun ɗaura niyya: kowa ya haye kududdufin bayan gari da iyo, sannan a gida a dama fura, 'yan'uwa su taru.

Koyon iyo daga bakin ruwa ake farawa, inda bai wuce ƙugu ba. A rungume rufaffiyar jarka a ƙirji, a yi ta bugun ruwa da ƙafa, sai an saba a sake ta. Kada a shiga sai da babba a gaɓa, domin kududdufi ramin ƙasar tubali ne. Nan iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum.

Iyayenmu kuwa tsargiya suka fi tsoro. Tsutsarta daga jikin katantanwa take fitowa, ta shiga ta fata, sai fitsarin jini. Wanda ya ga jini ya faɗa a gida a kai shi asibiti, akwai magani. Biyu daga cikinmu an hana su shiga ruwan, fura kawai suka sha.